Tsohon da Ya Sa Hannu Bayan Mutuwarsa

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin, ashirin da takwas ga Maris, wata mata ta buga waya ofishin 'yan sanda na Hastings ta ce ta tarar da mahaifinta ya rasu a kan gadonsa. Ba ta yi kuka ba. Har haƙuri ta ba wanda ya ɗauki wayar, wai ta dame shi da sassafe.

Tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu ya cika a gadonsa, ai wannan ba maganar sufeto ba ce. Kurata biyu aka tura. Sai da likita ya shiga ɗakin ya fito da wata irin fuska, sannan aka nemo Sufeto Denis Funnell.

Funnell dogo ne mai nauyin jiki, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar hawa bene. Gidan kuwa irin tsofaffin gidajen nan namu ne da aka raba biyu, fulat a ƙasa, fulat a sama, kowa da ƙofarsa. Mamacin, Wilf Stapley, tsohon direban bas, a sama yake. Saja Moira Catt ta riga Funnell hayewa, ta tsaya tana ƙirga masa matakala.

"Sha bakwai, Yallaɓai. Saura uku."

"Bari in iso, yau sai kin koma ba da hannu a titi."

Likita na jiran su a bakin ɗakin kwana. "Wannan ba jiya ya mutu ba," in ji shi. "Mako biyu, ko ƙasa da haka kaɗan. Ban ga alamar an taɓa shi ba, zuciya nake zato. Sai na duba shi a mutuware."

"'Yarsa ta ce ta yi magana da shi ranar Juma'a."

"To da wani dai ta yi."

Ɗakin sanyi ƙalau. Tagogi biyu a buɗe, an kashe hita. An ja wa tsohon bargo har kafaɗa, an taje masa gashi. A durowar gefen gado Funnell ya ga tabarau, da ƙwayoyin magani, da wani babban ambulan a liƙe, an rubuta a bayansa: Glenda, 31 ga Maris. Ya ce a ransa katin zagayowar haihuwa ne, ya mayar ya rufe.

Glenda Stapley na kicin. Mace ce siririya mai furfura, a wani shagon wanki da guga take aiki. Ta riga ta haɗa wa kuratan shayi, tana tsaye tana goge teburin da ba datti a kansa.

"Ranar Juma'a kika kira shi?" in ji Funnell.

"E. Ya ce lafiyarsa lau."

"Ido da ido fa, yaushe rabonki da shi?"

"An ɗan kwana biyu. Mun sami saɓani."

"A kan me?"

"A kan abin da muka saba. Wa'adin gidan."

Duk wanda ya mallaki fulat a ƙasar nan ya san wannan ciwon. Ba ƙasa ka saya ba, shekaru ka saya, kuma kullum garin Allah ya waye raguwa suke. Ranar da suka faɗo ƙasa da tamanin, kuɗin da mai ƙasa zai karɓa ya ƙara maka wa'adi sai ya ninka. Na Wilf ranar ashirin da biyar ga Maris zai faɗo.

"Shekara uku ina fama da shi," in ji Glenda. "Sai ya ce, 'Ni ɗan tamanin da huɗu, gida yana da tamanin a gaba, ke kuma kina so in sayi ƙarin casa'in. In kai su ina, kabari?'"

"Ke za ki gaji gidan?"

"Ni kaɗai gare shi. Ɗaki ɗaya nake haya a Bexhill, mai gidan kuma zai sayar nan da wata uku. Ba ni da wani wurin." Ta ninke tsumman hannunta. "Amma daga ƙarshe ya sauko. Na zura masa takardar ta ƙofa, ya sa hannu ranar Talata, ashirin da biyu."

A kan matakala Funnell ya tsaya yana mayar da numfashi.

"Likita ya ce mako biyu, takarda ta ce kwana shida. Ɗayansu ƙarya yake."

"Ko kuma Mista Stapley ya tashi ya sa hannu, ya koma ya kwanta," in ji Catt.

A fulat ɗin ƙasa Madam Edna Hobden ce, tsohuwa 'yar saba'in da takwas, mijinta ya rasu tuntuni. Ta zaunar da su, ta kawo shayi da biskit, ta ce su ɗaga murya don kunnenta na hagu ya yi ritaya.

"Yaushe kika ga Mista Stapley na ƙarshe?"

"Ranar Alhamis, ɗan nan. A bakin ƙofa. Muka gaisa, ya ce sanyin bana ya ƙi tafiya."

Funnell ya kurɓi shayinsa a hankali. "Madam, likita ya ce ranar Alhamis Mista Stapley ya kwana goma da rasuwa."

Tsohuwa ta ajiye biskit ɗin da ta ɗauka. Wuyanta ya yi ja har zuwa kunne.

"To ban gan shi ba," ta ce. "Na dai ji shi. Kullum ƙarfe takwas sai in ji taku a sama, a buɗe labule, rediyo ya kama. Da yamma a rufe. Na ce ai lafiya lau yake."

"Me ya sa kika ce kin gan shi?"

"Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka. Da wane baki zan ce mutum ya mutu a saman kaina mako biyu, ni ina nan ina kallon talabijin?"

A jikin ƙusa kusa da ƙofarta akwai makulli da 'yar takarda, an rubuta Wilf. Ta ga Funnell ya kalle shi, sai ta sunkuyar da kai.

"Ba abin da ya ba ki mamaki a makon nan biyu?"

"Kwandon shara," ta ce.

Kowace Talata motar shara ke zuwa titin, mako ɗaya baƙin kwando, mako ɗaya kore. Wilf kuwa shi ne agogon unguwa. Duk wanda ya manta makon wane kwando ne, ƙofar Wilf yake leƙawa.

"Ranar sha biyar makon baƙi ne, sai na ga kore a ƙofarsa. Talatar da ta biyo kuma ya sake juya su. Shekara goma sha tara bai taɓa kuskure ba."

"Sai kika yi yaya?"

"Na lallaɓa na canja masa. Na ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ban so ya ji kunya ba." Ta sa hankici a baki. "Sau biyu na tsaya a gindin matakalarsa da makullin nan a aljihuna, ban hau ba."

Suka fito. Sai da suka kai mota Catt ta ce, "Yallaɓai, ka san ni ma a Bexhill nake. Mu ranar sha biyar kore muka fitar."

Funnell ya ɗaga kai ya kalli tagar sama. Mahaifiyarsa tana zaune a Ore, tafiyar minti goma a mota, kuma rabonsa da ƙofarta tun Kirsimeti. Bai gaya wa Catt wannan ba, ya dai ce ta tayar da mota.

Washegari suka je wurin lauyan da ya shirya takardar, wani Hugh Penfold, mai ofis a saman shagon takalma. Bene kuma. Penfold ya shimfiɗa musu kwafin takardar neman ƙarin wa'adi. Ga sa hannu, W. Stapley, ga kwanan wata.

"An kai wa mai ƙasa hannu da hannu ranar ashirin da uku," in ji shi da ɗan alfahari. "Ranar da takarda ta isa, da ita ake yanke farashi. Mun tsallake da kwana biyu. Fam dubu tara ke nan maimakon kusan ashirin."

"Da a ce ya rasu kafin ya sa hannu fa?"

"Ai mamaci ba ya neman ƙari. Sai a jira kotu ta tabbatar da magaji, wata uku ko huɗu. Kafin nan tamanin ta wuce."

"A gabanka ya sa hannu?"

"E, wato, kusan haka."

"Kusan?" in ji Catt. "Rabin hannun ya sa a gabanka?"

Penfold ya gyara zaman takardun da ke zaune daidai. "'Yarsa ce ta kai masa, ta dawo da ita."

"Ka taɓa ganin mutumin da kake wa aiki?"

"Na yi magana da shi a waya a watan Fabrairu."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba ya bukatata, ya kashe."

Funnell ya zuba masa ido. Lauya ya cire tabarau ya mayar.

"Lokaci ya ƙure, Sufeto. Ko rajistar filaye ban tsaya dubawa ba, da tsohon kwafin da ta kawo na yi aiki. Matar tana zaune a kujerar nan. Ban ga yadda zan kalle ta in ce ina shakkarta ba." Sai kuma ya yi sauri ya jawo wani fayil, kamar wanda ya sami mafita. "Amma tsohon yana da rai ranar sha shida. Safiyo ya je ya auna gidan don a yi masa kuɗi, ya gan shi. Ga shi a rahotonsa: mai gida yana nan."

Safiyon, Neville Tuppen, a cikin motarsa suka same shi a bakin teku, yana cin burodi da cuku. Mutum ne mai tsabta, irin wanda ke shimfiɗa hankici a cinya kafin ya ci abinci.

"Ka ga Mista Stapley ranar Laraba, sha shida ga wata?"

"Na gan shi. Mun gaisa."

"Me ya ce maka?"

"Shi, ba mai yawan magana ba ne."

"Kalma ɗaya ma ta isa. Wacce ya faɗa?"

Tuppen ya kalli burodinsa. Ya nannaɗe shi a takarda, ya ajiye a gefe.

"'Yarsa ta ce mura ta kwantar da shi, yanzu ya sami barci, in zai yiwu kada in shiga. Sai na tsaya a bakin ƙofa, na haska na'urar awo daga bango zuwa bango. Ɗakin kamar firji. Yana kwance a rufe har kafaɗa."

"Sai ka yi me?"

"Na rage murya na ce, 'A gafarce ni, Mista Stapley, yanzu zan ba ka wuri.' Da zan tafi na ce, 'Allah ya ƙara sauƙi.'"

"Ranka bai ba ka komai ba?"

"Ya ba ni." Muryarsa ta shige ciki. "Mai barci yana numfashi, Sufeto. Na yi minti biyar a wurin, bargon nan bai motsa ba. Amma gidan mutane ne, kuma matar na tsaye a bayana riƙe da shayin da ta haɗa mini. Me zan ce? 'Madam, anya mahaifinki yana da rai?'"

"Da ka ce hakan, da yanzu an binne shi," in ji Catt.

"Na sani. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Haka muke a garin nan. Mu ga abu da idonmu, mu ji shi a ranmu, amma tsoron kada a ce mun yi shisshigi ya sa mu ce sannu mu wuce.

Safiyar Laraba likita ya bugo. Zuciya ce, ba hannun kowa, kuma tsakanin Lahadi sha uku da Litinin sha huɗu. Catt ta ce kafin a kira Glenda ya kamata a ji daga mai ƙasa, tunda in takardar ta ɓaci shi zai ci riba.

Mai ƙasar, Stan Vidler, tsohon mai sayar da kifi ne da ya gaji filin daga mahaifinsa. A bayan gidansa suka same shi yana tura ƙasa a tukwanen tumatir.

"Ni ban ga wata takarda ba," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Sakatariyar lauya ta ce a hannunka ta ba ka," in ji Catt. "Har ka sa mata hannu, ka bar mata ƙarnin kifi a biro."

Vidler ya karkaɗe hannu, ya shiga kicin, ya zaro takardar daga ƙarƙashin gwangwanin burodi.

"Me ya sa ka ɓoye?" in ji Funnell.

"Saboda ba ta da kai ba ta da gindi. Wilf ya riga ya ƙara wa'adinsa tun watan Janairu."

Funnell da Catt suka kalli juna.

"Shekara casa'in cif. Ni da shi muka je wurin wani lauya a Rye don kada magana ta bazu. Lauyan ya ce sai an yi watanni kafin abin ya fito a rajista. Ka san tsohon babur ɗin nan nasa da yake gogewa kowace Lahadi? Shi ya sayar, ya haɗa da abin da ya ajiye na jana'izarsa. Ya ce wa yarinyar wai babur yana wurin gyara."

"Me ya hana shi gaya mata?"

"Ba ka san Wilf ba. Shekara uku yana ce mata a'a. Ya ce gara ya haɗiye makullinsa da ya kalle ta ya ce ta yi gaskiya. Ya ce ranar da za ta cika sittin zai miƙa mata a ambulan, ba sai an yi dogon bayani ba."

"Da wannan takardar ta zo maka fa?"

Tsoho ya zauna a kan kujera. "Na ce shi ke nan, kan Wilf ya tafi, ya manta ya riga ya biya. Sau uku na ɗaga waya ina ajiyewa. Yaya za ka gaya wa abokinka na shekara arba'in cewa ya ruɗe? Na ce bari in ba shi mako guda." Ya share hanci da bayan hannu. "Ashe yana can kwance."

Daga nan Funnell ya koma gidan Wilf. Ya hau matakala ashirin bai yi ƙorafi ba. Ya saurari na'urar amsa kira da ke falo, sannan ya shiga ɗaki ya buɗe durowar gefen gado.

Ƙarfe uku na yamma Glenda ta zo ofis da ƙafarta, a bas, sanye da kwat ɗinta na fita unguwa. Catt ta karanta mata haƙƙinta. Ta ce ba ta bukatar lauya, ta ga abin da lauya ya iya.

"Kin ce ranar Juma'a mahaifinki ya ɗauki waya," in ji Funnell. "Na'ura ce ta ɗauka. Na saurara. Minti huɗu ba ki ce komai ba, daga ƙarshe kika ce, 'Baba, ka yi haƙuri.'"

Ba ta ɗago ba.

"Wanda ya fitar da kwandon shara ɗan Bexhill ne. Safiyo ya auna ɗaki gawa na ciki. Mahaifinki ya rasu kwana takwas kafin ranar da aka ce ya sa hannu. Kina so in ci gaba, ko ke za ki ƙarasa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ita wannan ba ta ma yi yunƙurin tona wani ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur.

"Ranar Lahadi na kai masa abinci. Na ce safiyo zai zo Laraba, ko ya so ko ya ƙi. Sai ya yi dariya, ya ce, 'Bar shi ya zo, ya sha shayi.' Dariyar ce ta ƙona mini rai. Na ce, 'Kai ka mutu ka huta, ni ka bar ni a titi. Ba ka taɓa tunawa da ni ba.'"

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'In kin fita ki ja ƙofa, iska na shigowa.' Maganarsa ta ƙarshe ke nan gare ni."

Catt ta tura mata kofin ruwa. Ba ta taɓa ba.

"Litinin da safe na dawo in ba shi haƙuri, na tarar ya yi sanyi. Na ɗauki waya, wallahi na ɗauka. Sai idona ya faɗa kan kalanda, inda na zagaye ashirin da biyar da jan biro. Dubu tara nake da ita, ita ce duk abin da na tara a rayuwata. Ashirin ba ni da inda zan samo. Fulat mai gajeren wa'adi kuwa kullum faɗuwa yake, ni ban iya gyara shi, wani ba zai saya ba. Sai na ce kwana goma ne kawai, shi ba abin da zai ƙara samunsa."

"Sai kika kashe hita, kika buɗe tagogi."

"Na taje masa kai. Ba ya son a gan shi a hargitse. Kullum kafin in tafi aiki in zo in buɗe labule in kunna rediyo, da yamma in rufe. In zauna a kujerar gefen gado minti goma, ina kallon bango."

"Takarda ta isa ranar ashirin da uku. Me ya hana ki kira mu ranar?"

"Kunya. Kullum in ce gobe. Na kasa sanin da wace fuska zan buɗe wa mutane ƙofar."

"Sa hannun fa?"

"Daga katunan zagayowar haihuwata na koya. Duk na ajiye su. Bai taɓa rubuta Baba ba, W. Stapley yake sawa, kamar takardar banki." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Yanzu takardar ta ɓaci, ko? Tamanin ta wuce. Na bar ubana mako biyu a ɗaki saboda gida, gidan ma ban samu ba."

Funnell ya yi shekara talatin yana wannan aiki, ya sa wa mutane ankwa ba adadi, amma bai taɓa jin nauyin miƙa hannu kamar na ranar ba. Ya ciro babban ambulan ɗin ya ajiye a gabanta.

"Wannan naki ne. Gobe ya so ya ba ki. Na buɗe shi, aikina ne, ki yi haƙuri."

Ta zaro takardun. Ta san irinsu, shekara uku tana mafarkinsu. Ta karanta shafin farko, ta ga ranar goma sha ɗaya ga Janairu, ta ga sa hannun Vidler, ta ga na mahaifinta, na gaskiya, mai ɗan karkata saboda rawar hannu. Ta sake karantawa.

"Babur ɗin," ta ce a hankali.

"Shi ya sayar."

A tsakanin takardun akwai ƙaramin kati mai hoton jirgin ruwa. Layi uku ne a ciki:

Shekara ɗari da saba'in. Ina fata za su ishe ki. Kada ki yi mini surutu a kai.

A ƙasa ya rubuta Baba.

Catt ta juya tana kallon na'urar ɗaukar murya kamar akwai abin da ya lalace a jikinta.

"A ina yake?" in ji Glenda.

"A durowar gefen gado."

"Kusa da kujerar." Ta rufe katin ta buɗe. "Gwiwata tana taɓa ta kullum. Ban taɓa iya juya kaina wannan ɓangaren ba."

"Wa'adin yana nan daram, ba wanda zai taɓa shi," in ji Funnell. "Amma dole in tuhume ki da hana binne mamaci, da kuma sa hannun wani a takarda. Kin gane?"

"Na gane."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, marar sauti, tana ta ba su haƙuri a tsakiyarsa. Suka jira har ta gama. Catt ta bar ankwa a ƙugunta, ta kama Glenda a gwiwar hannu, ta tashe ta. An bar mata katin.

A bakin ƙofa Glenda ta tsaya ta juyo.

"Sufeto, tagogin nan har yanzu a buɗe suke?"

"A buɗe suke."

"Don Allah a rufe masa. Baba ba ya son iska."

Wilf Stapley ya kwana biyu a mutuware, kowa a ɗakin ya san haka, ita ma ta sani. Funnell ya ce za a rufe. Catt ta wuce da ita ta dogon barandan da ke kaiwa ɗakin ajiye masu laifi.

Akwai kurata huɗu a teburin karɓar baƙi suna zaune ba aikin komai. Funnell bai aiki ko ɗaya ba. Ya ɗauki makullin gidan Wilf ya tafi ya hau da kansa.